Mota ta tsaya minti 22, allona yana nuna kore. Ina na kuskure?

Mai Zanen Allo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya hana ni barci kwana biyu, na ga gara in kawo shi nan ko a samu wanda ya taɓa shiga irinsa.

Wata bakwai ke nan ina aikin fuskar manhajar da ake sa ido da ita a kan motocin sito masu tuƙa kansu. Sito ne babba, motoci 48, wasu na kwasar katakon kaya daga bakin saukewa zuwa kantoci, wasu na kaiwa bakin lodi. Mutum ɗaya ne ke zama gaban allo a kowane zangon aiki. Na zana taswirar siton gaba ɗaya, kowace mota ɗigo ce mai motsi: kore in lafiya lau take, rawaya in batir ya yi ƙasa, ja in ta samu matsala. A gefen dama akwai jerin gargaɗi, sabo a sama. Ranar da muka nuna wa manyan kamfanin babu wanda bai yaba ba.

Daren Talata mota mai lamba 12 ta tsaya a mahaɗar layi na 7 da babbar hanya, minti 22 ko motsi. Motoci tara suka jeru a bayanta. Tirela ta tashi daga bakin lodi kayanta ba su cika ba. Na buɗe rajista na duba, ɗigon motar kore ne daga farko har ƙarshe, domin ita a wurinta ba abin da ya lalace, jira take a ba ta hanya. Ma'aikacin da ke gaban allo ya ce bai ga komai ba, kuma na yarda da shi. Shugaban sashe yana neman ɗora masa laifi. Ni kuwa zuciyata na gaya mini laifin allona ne. Don Allah ku taya ni dubawa.

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ba ka bari an danne wancan bawan Allah ba.

Shekara 16 na yi ina tuƙa motar ɗaga kaya mai cokali kafin a kawo waɗannan masu tuƙa kansu, aka mayar da ni gaban allo irin naka. Bari in gaya maka yadda abin yake da ƙarfe uku na dare. Ɗigo kusan hamsin na yawo a gabanka, duk kore. Ido motsi yake bi. Abin da ya tsaya cak shi ne ido ke tsallakewa, ballantana launinsa ɗaya da na masu tafiya. Ga rediyo na kiranka, ga direban tirela yana tambayar takardarsa, ga wani yana neman a buɗe masa ƙofa. Kallon allon da nake yi a tsakanin waɗannan bai wuce na daƙiƙa biyu ko uku ba. In a cikin wannan ɗan kallon allo bai ce mini "ga inda ya cije" ba, to bai ce mini komai ba.

Kuma koren naka me yake nufi? Yana nufin motar na da rai. Ni ba a ajiye ni don in ƙirga masu rai ba, an ajiye ni ne don kaya su isa bakin lodi a kan lokaci. Mota mai lafiya da ba ta aiki, a wurina ta fi mai ciwo haɗari, domin mai ciwo aƙalla tana kuka.

Mai Zanen Allo:
Baba, wannan magana ta shige ni. Gaskiya ban taɓa raba "lafiya" da "aiki" ba a zanen. Abin da motar ta aiko shi na fenta.

Mai Haɗa Na'urori:
Ɗan'uwa, da wace yarjejeniya motocin ke magana da babbar manhajar da ke ba su umarni? In VDA 5050 ce, ina jin na san abin da ya faru.

Mai Zanen Allo:
Ita ce, siga ta 2.0.

Mai Haɗa Na'urori:
Madalla. Don amfanin waɗanda ba su santa ba: ƙa'ida ce da ƙungiyoyin masana'antu biyu na Jamus, VDA ta masu ƙera motoci da VDMA ta masu ƙera injuna, suka fitar don motocin kamfanoni daban-daban su iya karɓar umarni daga manhaja ɗaya. Siga ta 2.0 ta fito a 2022. Saƙonnin suna bi ta MQTT, wata hanyar aika saƙo tsakanin na'urori.

Ga inda gizo ke saƙa. Babbar manhaja ba ta sakar wa mota hanyarta duka a lokaci ɗaya. Tana raba ta biyu: sashen da aka ba ta izinin bi yanzu, da sashen da aka tsara amma ba a sake ba tukuna. In mota ta kai ƙarshen sashen da aka sake mata, dole ta tsaya ta jira. Wannan tsayuwar a ƙa'ida ba kuskure ba ce, aikinta take yi daidai. Shi ya sa jerin kurakuranta ke zuwa fanko, ba WARNING (gargaɗi) ba FATAL (babbar matsala mai tsayar da mota), kai kuma ka fenta ta kore.

Amma a cikin saƙon halin da take aikowa akwai abin da kake buƙata. Akwai filin da ke cewa tana tafiya ko ba ta tafiya, akwai lambar aikin da ke hannunta, akwai matsaya ta ƙarshe da ta wuce, akwai sauran matsayun da ke gabanta. Ka haɗa su da agogo: tana da aiki, ba ta tafiya, ba lodi take ba, ba saukewa ba, kuma matsayarta ba ta canja ba tsawon kaza. Wannan gargaɗin babu motar da za ta aiko maka da shi, kai za ka ƙirƙire shi.

Injiniyar Tsaro:
Na goyi bayan abin da aka faɗa, amma ƙanena ka yi hattara, kada ka gyara ɓaraka ɗaya ka buɗe goma. In ka sa wannan sabon gargaɗin yadda aka kwatanta, daren Talata zai ba ka gargaɗi goma, na mota 12 da na tara da ke bayanta. Kuma tunda jerinka sabo ne a sama, ita mai asalin matsalar za ta nutse can ƙasa, na ƙarshen layi ta hau sama. Sai ma'aikaci ya tafi wurin wadda ba ta da laifi, a bar jaki ana dukan taiki.

Masu matatun mai sun sha wannan tun kafin mu. A watan Yulin 1994 matatar mai ta Milford Haven da ke Birtaniya ta yi bindiga, mutum 26 suka ji rauni. Binciken hukumar lafiya da tsaron ma'aikata ta ƙasar ya nuna cewa a minti 11 na ƙarshe kafin fashewar, ma'aikata biyu sun fuskanci ƙararrawa 275. Wa zai iya karanta wannan, balle ya yi aiki da shi? Bayan haka ne jagorar tsara ƙararrawa a masana'antu, EEMUA 191, ta fito a 1999. Mizaninta shi ne, a lokacin da komai ke tafiya daidai, kada mutum ɗaya ya riƙa samun ƙararrawa fiye da ɗaya a minti goma, in kuma abu ya rikice kada su wuce goma a minti goman farko. ISA-18.2, wata ƙa'idar kula da ƙararrawa, ita ma a kan wannan turbar take, kuma ma'anar ƙararrawa a wurinta ita ce abin da ke buƙatar mutum ya ɗauki mataki. Duk abin da ba a buƙatar mutum ya yi komai a kansa, labari ne, a kai shi rajista.

Saboda haka sanadi ɗaya, gargaɗi ɗaya. "Mahaɗar layi na 7 ta toshe tun minti 3, motoci 4 na jira, lodin ƙofa ta 2 zai makara." In ya taɓa sai sauran su buɗe a ƙarƙashinsa. Kuma a jera su bisa girman ɓarna da ƙurewar lokaci, ba bisa wanda ya zo ƙarshe ba.

Rawayar batir ɗin nan taka ma ina da ja a kanta. Motar da batirinta ya yi ƙasa ita da kanta za ta tafi caji, me kake so mutum ya yi? Abin da ya cancanci launi shi ne motar da batirinta ba zai kai ta wurin caji ba, ko kuma duk wuraren cajin sun cika.

Tsohon Direba:
Hajiya kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. A wurin da na fara wannan aiki, allon na yin ƙara duk sanda mutum ya gilma gaban mota ta rage gudu. A sito kuwa mutane gilmawa suke yi wuni zubur. Mako bai cika ba wani ya zare wayar lasifikar, kuma babu wanda ya mayar. Ranar da aka samu matsala ta gaske, allon ya yi ta kururuwarsa shi kaɗai ba mai ji.

Mai Son Taswira:
Ku yi haƙuri, ina ganin zaure na neman karkata gefe ɗaya. Ana magana kamar taswira ce mai laifi, a cire ta a kafa jeri. Ban yarda ba. Sito wuri ne, matsalolinsa na wuri ne. Jeri zai gaya maka mota 12 ta tsaya, amma ba zai nuna maka cewa 12 na jiran 30, 30 na jiran 8, ita kuma 8 na jiran 12 ba, sun yi cirko-cirko babu mai iya gaba. A taswira kallo ɗaya ya isa. Haka in mai ya zube a layi kana son rufe wurin, da yatsa za ka zagaye shi a taswira, ba da rubutu ba. Gani ya kori ji.

Tun 1996 Ben Shneiderman ya shimfiɗa ƙa'idar da masu zanen bayanai ke bi har yau: a fara da ganin komai a dunƙule, sannan a matso a tace, sannan a ba da dalla-dalla in an nema. Ganin komai a dunƙule a sito ai taswira ce.

Injiniyar Tsaro:
Malam, ban ce a cire ta ba. Cewa nake a dushe ta. A ƙa'idar zanen allon sarrafa na'urori ta ISA-101 ta 2015 da tsarin da ake bi a ɗakunan sarrafa masana'antu, bangon allo ruwan toka ne, duk abin da ke tafiya daidai shi ma toka-toka, launi mai ƙarfi an keɓe shi ga abin da ya kauce. Da haka taswirar ƙanena take, motoci 38 toka-toka suna yawo, ga dunƙulen goma masu launi a mahaɗa ɗaya, ko daga bakin ƙofa ka leƙo za ka gani.

Sai dai ban yarda cewa ganin dunƙule dole taswira ba ce. Mai lura da sito abin da ya fara son sani shi ne: muna kan lokaci ko mun makara? Katako nawa ya rage wa kowace ƙofa, minti nawa ya rage tirela ta tashi? Wannan taswira ba ta faɗa.

Mai Son Taswira:
A kan dushewa mun haɗu. A kan wanda zai ci tsakiyar allo kuwa, ina nan a kan bakata. Duk wanda ya san sitonsa yana karanta taswira kamar fuskar ɗansa.

Tsohon Direba:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, sai dai kowa lokacinsa daban. Kafin in san akwai matsala, ba na son taswira, layi ɗaya na rubutu nake so da zai fizgo idona. Da na sani, taswira nake so, kuma ta tafi wurin da kanta ba sai na yi ta jan ta da yatsa ba. Amma ku sa mini abin da ƙafata ta sani. Lambar layi da lambar ginshiƙi kamar yadda aka rubuta su da fenti a jikin bango. Na taɓa aiki da allon da ke ce mini mota tana "matsaya 4417". Babu inda aka rubuta 4417 a duk faɗin siton nan. Sai in fita ina leƙa layi-layi.

Kuma a juya taswirar ta dace da inda kujerata ke kallo. In bakin lodi na hannun damana, ya kasance a dama a allo.

Sabon Shiga:
Gafara dai manya, ɗalibi ne ni. In motocin nan suna tuƙa kansu, me ya sa ba za a bar manhaja ta warware cunkoson da kanta ba? Na karanta cewa Amazon ta sayi Kiva Systems, kamfanin ƙera mutum-mutumin kwasar kaya a sito, a 2012 a kan dala miliyan 775, kuma a 2025 ta ce mutum-mutuminta sun kai miliyan ɗaya. Ai ba za a ce akwai mai kallon kowanne ba.

Injiniyar Tsaro:
Tambaya mai kyau, ƙanena. Mafi yawan cunkoso manhaja ce ke warwarewa, ba ma a sani ba. Abin da ke isowa ga mutum shi ne ragowar da manhaja ta kasa, wato mafi wuya. Lisanne Bainbridge ta yi rubutu a kan wannan tun 1983: mai ƙera na'ura yana ɗora wa na'ura abin da ya iya ɗora mata, ya bar wa mutum abin da ya gagare shi, sannan a ce mutumin ya zauna yana kallon na'urar da ba ta cika kuskure ba, aikin da ɗan Adam bai iya ba. Gwajin agogo na Norman Mackworth na 1948 ya nuna cewa mai jiran alamar da ba ta cika zuwa ba, hankalinsa na fara raguwa tun cikin rabin awar farko. Ba lalaci ba ne, haka aka halicce mu. To yaya za a zaunar da mutum awa takwas a ce ya tsinci ɗigo ɗaya da ya daina motsi?

Game da Kiva kuma, ka lura filin da mutum-mutumin ke yawo a killace yake, suna bin alamomin da aka manna a ƙasa, ba a barin kowa ya shiga haka kawai. Siton da ake magana a kai mutane da masu cokali da motocin duk hanya ɗaya suke bi. Abin mamaki ya fi yawa a nan.

Mai Haɗa Na'urori:
Bari in ƙara da lissafi mai sauƙi. A ce kowace mota na buƙatar hannun mutum sau ɗaya a awa huɗu, kuma kowane taimako na cin minti biyar da tafiya da dawowa. Motoci 48 sun ba ka taimako 12 a awa, wato minti 60 cif. Mutum ɗaya ya cika maƙil, babu sauran lokacin kallon allo. Misali ne kawai, kai ka ciro naka alƙaluman daga rajista. Idan suka fito kusa da haka, babu zanen da zai cece ku, sai an ƙara mutum ko an rage abin da ke tsayar da motocin.

Mai Zanen Allo:
Zan yi wannan lissafin gobe in sha Allahu. Tunda ana maganar tafiya da dawowa, ga wata. Shugaban sashe ya nemi in sa maɓalli a allo da zai tayar da duk motar da ta tsaya, ba sai an taka zuwa wurinta ba. Har na fara.

Injiniyar Tsaro:
Dakata tukuna, don Allah. Tsayuwa ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda na'urar lesa ta hango abu a filin kariyarta ta tsayar da mota, wannan da abin ya kauce motar kan ci gaba da kanta. Akwai wadda mutum ya buga jan maɓallin gaggawa na jikin motar. Wannan ISO 13850, ƙa'idar maɓallin gaggawa na injuna, ta ce a wurin maɓallin da aka buga ake sake shi, da hannu, kuma sake shi kaɗai bai isa ya tayar da injin ba. Dalili a fili yake: wanda ya buga ya ga abin da kai ba ka gani daga kujera. Wataƙila ƙafar mutum ce a ƙarƙashi. Ita kanta VDA 5050 ta bambanta su a saƙon tsaro, ka nuna bambancin a allo, kuma irin ta biyu kada ma maɓallin ya bayyana. Ka samu ISO 3691-4, ita ce ta motocin masana'antu marasa direba, ka zauna da mai kula da tsaron wurinku kafin ka rubuta layi ɗaya.

Haka nan in ka sa maɓallin tsayarwa a allo, kada ka yi masa ja a kan rawaya irin na jikin mota, kada ka kira shi na gaggawa. Umarnin da zai bi ta burauza da Wi-Fi yana iya makara, yana iya ɓata a hanya. Ka kira shi "dakatar", kuma kada allo ya ce "ta tsaya" sai motar da kanta ta tabbatar. Kafin nan ya ce "an aika, ana jiran amsa".

Wannan na ƙarshen ina da zafi a kansa. A tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka, ranar 28 ga Maris 1979, wani bawul ya maƙale a buɗe ruwan sanyaya na zurarewa. Fitilar da ke gaban ma'aikata tana nuna cewa an ba shi umarnin rufewa, su kuma suka karanta ta a matsayin ya rufe. Sama da awa biyu ana tafiya a haka. Allon da ke nuna abin da aka umarta a madadin abin da ya faru, ƙarya yake yi ko da mai zanensa bai yi niyya ba.

Tsohon Direba:
Ni ma ba na son maɓallin nan, ko da yake ƙafata ce za ta huta. Sau da yawa abin da ke tsayar da mota ledar naɗe kaya ce ta warware tana reto a gaban idon lesar, ko ɓallin katako a ƙasa, ko ƙura ta rufe gilashin. Ka tayar da ita daga nesa sau goma, sau goma za ta tsaya. Abin da zai taimake ni shi ne allo ya ce mini wane ido ne ya gani, na gaba ko na baya ko na gefe, kuma sau nawa ta tsaya a wannan wurin yau. In motoci uku sun tsaya a wuri ɗaya, ba motocin ba ne, ƙasan ne. Sai in ɗauki tsintsiya in tafi, ba akwatin gyara ba.

Kuma ɗana, in za ka yi na hannu da za mu riƙa yawo da shi, ka tuna da safar hannu muke aiki. Maɓallai manya, nesa da juna.

Mai Son Taswira:
Ƙarin abu ɗaya kan launi kafin a wuce. A cikin mazan Turai kusan 1 cikin 12 ba ya bambanta wasu launuka, galibi ja da kore, kuma ko'ina a duniya akwai masu wannan. Ja da koren naka in siffarsu ɗaya, a wurin irin wannan mutum ɗigo ɗaya ne. Kowane hali ya samu siffarsa da ɗan rubutu, launi ya zama ƙari.

Mai Zanen Allo:
Jama'a na dawo. Na kwana a kan rajista, kuma na gano abin da mota 12 ke jira.

Mota 31 ce. Tayarta ta samu matsala a daidai mahaɗar, mai gyara ya zo ya kashe ta, ya tura ta da hannu zuwa gefe. Bai cire ta daga tsarin ba, domin yin hakan sai ya dawo ofis ya shiga wani shafi. Babbar manhaja kuwa wurin ƙarshe da ta san 31 take shi ne tsakiyar mahaɗa, sai ta ci gaba da riƙe mata wurin, ta hana kowa shiga. Daidai ta yi, ba ta da tabbacin wurin ya zama fili.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan. Watanni baya an yi ƙorafin taswira ta cika, sai na sa duk motar da ta katse sadarwa ta ɓace daga allo. Saboda haka abin da ma'aikacin ya gani shi ne mahaɗa fayau babu kowa, da koriyar mota a bakinta. Ko da ya ƙura mata ido minti 22 ɗin, babu yadda zai gane dalili. Na rubuta wa shugaban sashe wannan da safe, na haɗa da hoton allon na lokacin, na ce a janye maganar laifi daga kansa.

Tsohon Direba:
Alhamdu lillahi. Ka kyauta, ɗana. Allah ya saka da alheri.

Mai Haɗa Na'urori:
Ruwa ba ya tsami banza. To ga gyara uku da suka fito daga wannan, kuma duk kayan aikinsu na hannunka. Na farko, VDA 5050 na da saƙon sadarwa da ke bambanta motar da ta yi sallama ta fita da wadda ta yanke ba zato, ta farko OFFLINE, ta biyu CONNECTIONBROKEN. Wadda ta yanke kada ta ɓace, ta zauna a wurinta na ƙarshe da zanen ɗigo-ɗigo, da rubutu "rabon da a ji ta minti kaza". Ƙa'idar ta ce mota ta aiko halinta aƙalla duk daƙiƙa 30, don haka shirun da ya wuce haka shi kansa labari ne. Na biyu, ka zana wuraren da aka riƙe, ba motoci kaɗai ba, da sunan mai riƙon. Sai kuma allon kansa: in shi ne ya daina samun bayani, ya faɗa da babbar murya, kada ya daskare da tsohon hoto yana kama da mai rai.

Injiniyar Tsaro:
Kuma sakin wurin da aka riƙe kada ya zama dannawa ɗaya daga kujera. Wanda ke tsaye a wurin, ya ga mahaɗar da idonsa, shi zai tabbatar, sunansa da lokaci su shiga rajista. Ka sauƙaƙa wa mai gyara hanyar, ya iya yi daga na'urar hannunsa yana tsaye gaban motar. Muddin sai ya dawo ofis, wata rana zai sake mantawa, kuma ba laifinsa ba ne.

Mai Son Taswira:
Ku lura dai, amsar a taswira take, zanen wurin da aka riƙe. Jeri ba zai nuna wannan ba.

Injiniyar Tsaro:
Zai nuna mana, Malam: "12 na jiran mahaɗar 7, wadda 31 ke riƙe da ita, rabon da a ji 31 minti 4." Amma na yarda a sa duka biyun.

Mai Zanen Allo:
Duka biyun zan sa. Saura abu ɗaya: tsayuwar daƙiƙa nawa ce za ta zama gargaɗi? Na yi tunanin 60.

Tsohon Direba:
Kada ka yanke lamba ɗaya ga duk sito. A bakin lifta mota kan jira minti biyu ko uku kuma daidai ne. A babbar hanya rabin minti ma ya yi yawa. Ka duba rajistarka ka ga jiran da aka saba a kowane wuri, ka ɗora kaɗan a kai. Sannan kafin ka saki sabon allon, ka je ka zauna da wancan ma'aikacin dare ɗaya cikakke, daga karɓar aiki har miƙawa. Kada ka nuna masa komai, kai dai ka kalli inda idonsa ke zuwa da abin da yake rubutawa a takarda. Duk abin da ya rubuta a takarda, allonka ne bai ba shi ba.

Mai Zanen Allo:
Na yi magana da shi, ya amince, daren Alhamis ne aikinsa. Ya ce ma yana da ɗan littafi da yake rubuta motocin da aka ture gefe don ya gaya wa mai karɓarsa da safe, daren Talatar ne kawai mai gyaran bai biyo ta wurinsa ba. Zan fara da shafin miƙa aiki daga abin da ke cikin littafin nan. Baba, in na zana shi zan turo maka ka duba kafin kowa.

Tsohon Direba:
Turo, ina jira. Ka sa mini wurin rubuta dalilin ture motar da sunan wanda ya ture ta.